Kwalkwalin Sarki: Ado ko Alkawari?

Ranar hawan salla a Maiduguri, Dandal yakan cika maƙil har zuwa ƙofar fadar Shehun Borno. Musulmi da Kirista, manya da yara, kowa yakan nemi wurin tsayawa domin ya ga dawakai. Algaita tana tashi, ganguna suna amsawa, ƙura ta turnuƙe sama. A cikin jerin mahayan akwai waɗanda idon yaro ba ya tsallake su, wato barade masu sulke, da dawakan da aka lulluɓe da lifidi mai launi iri-iri, da masu kwalkwalin da aka kafa wa gashin jimina a bisa. Yaro mai lura yakan ja rigar mahaifinsa ya ce, “Baba, in dai wannan hular yaƙi ce, don me aka sa mata gashin tsuntsu? Ashe, ba shi ne zai nuna wa abokan gāba inda mutum yake ba?”

Tambayar yaron tana da nauyi, gama ta taɓa wani al'amari da ya shafi kowane gida. Babu al'ummar da ba ta bambanta manyanta da wata alama. Wani rawani ne, wani alkyabba, wani sandar girma, wani kujerar gaba a taro, wani kuwa laƙabin da ake sa wa kafin sunansa. Shin daidai ne a fifita mutum ɗaya haka a kan 'yan'uwansa? In kuwa daidai ne, wane bashi alamar take bin wanda ya ɗauke ta? Tarihin kwalkwali, a Borno da kuma a tsohuwar ƙasar Girka, yana da amsar da ta cancanci a zauna a kanta.

Ƙarfe da gashin jimina a ƙasar Borno

Kayan yaƙin nan sun daɗe a ƙasashen arewa. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali cikin rundunar Kano. Borno kuwa tana bakin hanyar fatake da ta ratsa hamada daga tafkin Chadi zuwa Fezzan da Tarabulus, saboda haka ta daɗe tana samun sulke da manyan dawakai daga arewa. Lifidi a gida ake ɗinka shi, a cusa masa auduga har ya yi kaurin da kibiya ba ta huda shi da sauƙi. Kwalkwali ma iri-iri ne. Wani ƙarfe ne zalla, wani kuwa tsumma ne aka matse shi tam, aka rufe da tagulla ko farin ƙarfe, sa'an nan aka kafa masa gashin jimina.

A watan Fabrairu na 1823 wasu Turawan Birtaniya uku, Denham da Clapperton da Oudney, suka iso Kukawa, hedkwatar Shehu Muhammad al-Amin el-Kanemi, wanda ya kafa garin a 1814. Dubban mahaya ne suka tarye su. Denham ya rubuta cewa ya ga manyan bayin Shehu saye da sulke daga wuya har gwiwa, waɗansunsu da hular ƙarfe mai maɗaurin haɓa wadda za ta iya tare sukan mashi, dawakansu kuma an rufe musu goshi da ƙarfe da tagulla da azurfa. Ya ƙara da cewa kowannensu ya kai wannan matsayi ne ta wurin wata bajinta da ya yi a fagen fama.

Talaka bai isa ya mallaki irin wannan kaya ba. Ana bukatar ingarman doki da zai iya ɗaukar nauyin, da barori masu taya mahayin hawa, yawanci kuma daga hannun sarki kayan suke fitowa. Saboda haka duk wanda aka gani da su an san babba ne. Amma wurin tsayawarsa a ranar yaƙi shi ne gaba. 'Yan lifidi su ne ake turawa su fasa sahun abokan gāba, su ne kuma katangar da take kewaye sarki. Suna ɗauke da wannan nauyi cikin zafin ranar Borno, in kuwa doki ya faɗi da mutum, da wuya ya iya tashi shi kaɗai. Sa'ad da ƙura ta rufe fage, dakarun ƙasa ba su da abin dubawa sai gashin jiminar shugabansu. Muddin yana tsaye, su ma suna tsaye. Gashin nan kuwa shi ne maharbin abokan gāba yake auna.

Ashe, yaron bai yi kuskure ba. Gashin jimina yana tona inda mai shi yake, don haka ma aka sa shi. Wanda ya ɗaura shi ya yarda ke nan nasa su gan shi su sami ƙarfin zuciya, maƙiya kuma su gan shi su fara da shi.

Fada biyu a shekara ɗaya

Makonni kaɗan bayan isowarsa, Denham ya kai ziyara wata fada dabam, ba nisa da Kukawa. Can ne Mai Ibrahim yake zaune, magajin gidan Saifawa, gidan da ya haifi jarumawa irin su Mai Idris Aloma, wanda ya riƙa jagorantar rundunarsa da kansa a ƙarshen ƙarni na 16. Amma tun da Birnin Ngazargamu ya faɗi a 1808, aka nemi taimakon el-Kanemi, iko ya riga ya bar gidan, suna ne kawai ya rage. Abin da baƙon ya tarar ya sha bamban da na Kukawa. Mai yana zaune a bayan wani shinge mai kama da keji, ba a ganinsa sosai. Fadawansa sun jibga riguna a kan riguna, waɗansu har da cusa tsumma domin tumbi ya fito, kawunansu kuma an naɗe su da manyan rawuna, gama girman ciki da girman kai su ne alamar daraja a wannan fada.

A fada ɗaya hular ƙarfe ce ƙarama a kan mutumin da ya riga ya sa ransa a bakin mashi. A ɗayar kuwa rawani ne babba a kan mutumin da babu wanda yake fakewa a bayansa. Dukansu alamun girma ne, amma guda tana da aiki a ƙarƙashinta, guda ba ta da shi. A 1846 sarautar Saifawa ta ƙare bayan kusan shekara 800. Dalilan faɗuwarta suna da yawa, ba rawani ne ya kashe ta ba. Duk da haka hoton ya isa darasi. Alamar girma takan daɗe bayan aikin da ya haife ta ya mutu, sau da yawa ma a lokacin ne take ƙara kumbura. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya.

Abin da maƙeran Girka suka gano

Nesa da Borno, shekaru fiye da 2,000 kafin zuwan Denham, Girkawa, waɗanda masu karatun Littafi Mai Tsarki suka sani da sunan Helenawa, sun yi fama da wannan tambaya da guduma da uwar maƙera. Kwalkwalinsu mafi suna shi ne wanda ake kira na Koranti. Daga fallen tagulla guda ake buga shi, ya rufe kai da kumatu da hanci, ba a bari sai ramukan ido da 'yar tsaga ta baki. A bisansa akan kafa zanko na izgar doki domin mutum ya ƙara tsawo da kwarjini. Wajen tsaron kai babu kamarsa a zamaninsa. Amma yana da aibi babba: wanda ya sa shi ba ya gani sai abin da yake gabansa, ba ya kuma ji sosai, gama kunnuwansa a rufe suke. Saboda haka a hankali maƙera suka koma ƙera waɗanda suka bar fuska da kunne a buɗe, ko da yake tsaronsu bai kai na farko ba. Sun gane cewa mayaƙin da ba ya jin kira, balle shugaban da ba ya jin mutanensa, haɗari ne ga runduna duka.

Wannan ciniki ne da kowane mai riƙe da ragama yake yi har wa yau. Gwargwadon yadda ya rufe kansa domin kada kome ya same shi, gwargwadon haka ganinsa da jinsa suke raguwa. Katanga mai tsawo, da masu gadi a ƙofa, da fadawan da ba su faɗa masa sai abin da yake so, duk kwalkwalin Koranti ne.

Sarakunan Makidoniya kuwa sun haɗa ƙarfi da ado. A 1977 wani masanin haƙar kayan tarihi mai suna Manolis Andronikos ya buɗe wani kabarin sarauta a Bergina, arewacin Girka, ya tarar da kwalkwalin baƙin ƙarfe mai zanko da rigar ƙarfe mai adon zinariya. Masana da yawa suna ganin kabarin Sarki Filibus na Biyu ne, wanda birnin Filibi ya ci sunansa. Filibus bai yi sarautar zaune ba, gama kibiya ta cire masa idon dama a wurin kewaye birnin Metoni. Ɗansa Iskandari ya bi sawunsa. A yaƙin kogin Giranikus, shekara 334 kafin haihuwar Almasihu, ya shiga ruwa a gaban mahayansa da kwalkwali mai manyan fararen gashin tsuntsu biyu, ɗaya a kowane gefe. Manyan Farisa suka gane shi nan da nan, suka yi kansa. Ɗayansu ya sare shi a ka, ya tsaga kwalkwalin har kaifin ya taɓa gashin kansa. Kafin ya sake ɗaga hannu, wani hafsan Iskandari mai suna Kilitus ya riga shi. Gashin tsuntsu ya jawo saran, ƙarfe ya tare na fari, amini ya hana na biyu.

To, kada shugaba ya kāre kansa ke nan?

Mai hankali zai iya cewa wannan ganganci ne. Ran shugaba ba nasa ne shi kaɗai ba, in ya faɗi jama'a ce take watsewa, saboda haka tsare shi tsare jama'a ne. Maganar tana da gaskiya, shi ya sa ma aka yi kwalkwalin da ƙarfe. Babu wanda ya ce babba ya fita da kai tsirara domin a yabe shi. Amma akwai bambanci tsakanin tsare kai domin a ci gaba da tsayawa a gaban mutane, da ɓuya a bar wani ya sha saran.

Firus, sarkin Efirus, wanda aka sani da kwalkwali mai dogon zanko da ƙahonin bunsuru, ya gwada hanya ta biyu. A yaƙin Herakiliya da Romawa, shekara 280 kafin haihuwar Almasihu, da ya ga an sa masa ido, sai ya musaya kayan yaƙinsa da na amininsa Megakilis. Romawa suka kashe Megakilis, suka ɗaga kwalkwalin sarki suna sowa. Mutanen Firus suka karai, suna tsammani sarkinsu ya mutu. Dole ya buɗe fuskarsa, ya zaga sahu a kan doki yana kiransu da muryarsa, kafin rundunar ta komo hayyacinta. Dabarar ta ci ran amininsa, ta kusa cin yaƙin, abin da ya cece shi kuwa shi ne komawa ga abin da ya guje wa, wato a gan shi.

Iyalai da yawa za su tuna da labarin Ahab a Littafin Sarakuna na Fari, sura 22. Ya ɓad da kama ya shiga yaƙin Ramot-gileyad, ya bar Yehoshafat da tufafin sarauta, har shugabannin karusan Suriya suka bi Yehoshafat suna zaton shi ne wanda suke nema. Wani soja kuwa ya harba kibiya ba tare da ya auna kowa ba, ta sami Ahab a mahaɗin sulkensa. Ahab ya so sarauta a ranar biki, ya ƙi ta a ranar yaƙi. Hausawa kuwa sun riga sun yanke hukunci a kan irin wannan: kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Kan wa ake tsarewa?

Sai dai tsayawa a gaba ba shi kaɗai ne ma'auni ba. A watan Afrilu na 1823 Denham ya bi wata runduna daga Kukawa zuwa ƙasar Mandara. A cikinta akwai Larabawa masu bindiga a ƙarƙashin Bu Khalum, da mahayan Borno a ƙarƙashin Barka Gana, babban jarumin Shehu. Abin da ya fitar da su shi ne neman bayi. Suka ƙone garuruwa a hanya, har suka kai wani garin Fulani da ake kira Musfeya, kudu da Mora, a arewacin Kamaru ta yau. Mutanen garin suka tsaya a bayan shinge da kibau masu dafi, matansu suna taya su. Rundunar ta karye. Bu Khalum ya mutu da dafin kibiya a hanyar gudu, Denham kansa da ƙyar ya tsira, an tuɓe masa tufafi.

Babu mai cewa mahayan nan matsorata ne. Amma ga mutanen da aka kai wa hari, gashin jimina a cikin ƙura alamar wuta ce da igiya. Iyalai da yawa da suke zaune a Maiduguri yau jikokin mutanen duwatsun Mandara da kudancin Borno ne, waɗanda kakanninsu suka hau tsaunuka saboda irin wannan samame. Faɗin haka ba tonon tsohon miki ba ne, gama jikokin mahaya da jikokin waɗanda suka gudu yanzu maƙwabta ne, kasuwa ɗaya suke ci, wahala ɗaya kuma suka sha tun daga 2009. Abin lura shi ne jaruntaka ba ta wanke mugun nufi. Ƙarfin da aka ba babba domin ya zama garkuwar marasa ƙarfi, in ya juya shi a kansu, alamar girmansa ta zama shaida a kansa.

Inda ƙarfe ba ya kaiwa

Kowane kwalkwali yana da iyaka. A 1893 Rabeh ya zo da dakaru masu bindiga da horo, ya karya rundunar Borno, ya ƙone Kukawa, ya zauna a Dikwa har aka kashe shi a Kusseri a 1900. Lifidi da sulke ba su tare harsashi ba. Sa'ad da Shehu Abubakar Garbai ya koma Yerwa a 1907, kayan da dā na fagen daga ne sun riga sun kama hanyar zama kayan hawa. Firus ma, bayan dukan yaƙe-yaƙensa, a wani lungu na birnin Argos ya gamu da ajalinsa a shekara 272. Wata tsohuwa ta hango shi daga kan soro yana fafatawa da ɗanta, ta jefo tubalin rufin ɗaki, ya same shi a ƙeya, ƙasa da bakin kwalkwali. Filibus kuwa ɗaya daga cikin dogaransa ne ya soke shi a bikin auren 'yarsa a shekara 336.

Amma labarin da ya fi ban tausayi na Iskandari ne. Shekara shida bayan Giranikus, a birnin Marakanda, wato Samarkand ta yau, aka yi shagalin shan ruwan inabi. Gardama ta tashi tsakaninsa da Kilitus, wanda ya tuna masa da hannun da ya cece shi, ya kuma tsauta masa a kan girman kan da ya fara shigarsa. Iskandari ya fizgi mashi ya soke shi har lahira. Ya yi kwana uku yana makoki, bai ci kome ba, amma Kilitus bai dawo ba. Maƙera sun tsare masa ƙoƙon kai daga gatarin Farisa. Fushi da maye da son yabo kuwa daga ciki suka fito, inda babu maƙerin da hannunsa yake kaiwa. Babban da ya kashe mai faɗa masa gaskiya ya cire wa kansa tsaron da ya fi kowane ƙarfe.

Ƙwarya a madadin hular kwano

A ranar 1 ga Janairu, 2009, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa masu babur sa hular kwano. A waɗansu biranen arewa aka ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka, wani ma ya shafa mata fenti, ya ɗaura mata igiya. Mutane suka yi ta dariya. Daga nesa ƙwaryar tana kama da hula, tana iya ruɗin jami'i, amma ba ta ruɗin kwalta. Wannan ita ce surar girman da ya rabu da aikinsa, ba a kan hanya kaɗai ake samunsa ba.

Ana samunsa a gida. Maigida yana da kujerarsa da kwanonsa, yara suna durƙusawa su gaishe shi, wannan kuwa daidai ne. Amma ranar da kuɗin makaranta ya gagara, ko mai bin bashi ya yi sallama, ko yaro ya jawo magana a unguwa, wa yake fita ƙofa? Akwai gidajen da ake tura uwargida ta ce maigida ba ya nan, alhali yana ɗaka. Akwai ɗan fari da yake karɓar gaisuwar ƙannensa, amma da rabon gādo ya zo sai ya zama shi ne abin tsoronsu. Akwai shugaban ƙungiya ko na ma'aikata da yake kan gaba a hoto, in kuwa kuɗi suka ɓace sai a nemi ƙaramin ma'aikaci a ɗora masa. Kowane ɗayansu ya ba Megakilis kayansa.

Akwai kuma kishiyar haka, mutanen Borno sun gan ta da idonsu a shekarun tashin hankali. An ga masu unguwa da malaman makaranta da ma'aikatan jinya da suka ƙi barin mutanensu alhali suna da halin tafiya. An ga gwauraye mata da suka buɗe ɗaki ɗaya ga 'yan gudun hijira, suka raba ɗan abin da yake cikin tukunya. Yawancinsu ba su da rawani ko laƙabi. Suna da ƙarfen, ba su da gashin jiminar, jama'a kuwa ba ta yi kuskuren gane su ba.

Saboda haka alamar girma ba laifi ba ce, kawar da ita ma ba zai gyara kome ba, gama mutane suna bukatar wanda za su duba sa'ad da ƙura ta tashi. Amma alkawari ce, mai ɗauke da ita kuwa ana binsa abu uku: ya tsaya inda za a gan shi a ranar wahala, ya bar kunnensa a buɗe ga waɗanda suke bayansa da mai faɗa masa gaskiya, ya kuma sa ƙarfinsa tsakanin marasa ƙarfi da abin da yake tsoratar da su. Kyan alkawari cikawa.

Mahaifin da ɗansa ya ja wa riga a Dandal yana da amsar da zai bayar. Zai iya ce masa, “Gaskiyarka, ɗana. An sa gashin ne domin a san wanda za a fara nema in abu ya ɓaci.” Yaron zai riƙe maganar. Zai kuma koma gida ya zuba ido ya ga wanda yake tashi sa'ad da aka ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare.